Tarihin Agatha Christie, Sarauniyar Labarun 'Yan Sandan Ciki

Yau tarihin wata Baturiyar Ingila za mu duba, mai suna Agatha Christie, wadda ta rasu tun 1976 amma har yanzu ana sayen littattafanta, ana kuma nuna labarunta a talabijin da silima. Irin labarun da ta rubuta su ne waɗanda a ke kira labarun 'yan sandan ciki. Watau a wayi gari a tarar an kashe wani, ba a san wanda ya kashe shi ba, ga mutum bakwai ko takwas kowa da dalilin da zai sa a zarge shi. Sai wani mai basira ya zo ya yi ta bin sawu da tambayoyi har ya tono mai laifin. Mai karatu kuma yana biye, yana so ya riga mai binciken ganewa, da ƙyar kuwa ya ke iyawa.

Littattafai 66 ta rubuta masu irin wannan labari, ban da gajerun labaru da wasannin kwaikwayo. An ƙiyasta an sayar da kwafi wajen miliyan dubu biyu na littattafanta a duniya. Abin da zai ba ku mamaki shi ne wannan mata ba ta yi jami'a ba, ba ta taɓa aikin ɗan sanda ba, ga ta da kunya har ba ta iya tsayawa gaban taro ta yi jawabi. Jarinta kawai shi ne lura. Duk inda rayuwa ta ajiye ta, idonta da kunnenta a buɗe su ke, kuma abin da ta tsinta ta wannan hanya shi ya ciyar da ita da 'yarta ranar da aurenta ya mutu.

Yarintarta

An haife ta ran 15 ga Satumba, 1890, a garin Torquay da ke bakin teku a kudu maso yammacin Ingila. Sunan da iyayenta suka raɗa mata shi ne Agatha Mary Clarissa Miller. Ubanta Frederick Miller Ba'amurke ne, dukiyar gado ya ke ci, ba ya wani aiki. Sunan uwarta Clara. Ita ce auta, yayarta Madge ta ba ta shekara 11, wanta Monty kuma shekara 10. Sabo da haka kusan ita kaɗai ta tashi a babban gidansu mai suna Ashfield. Da ya ke ba ta da abokan wasa, sai ta riƙa ƙirƙiro ƙawaye a zuciyarta, ta ba su sunaye, ta shirya musu labaru.

Ba a sa ta makaranta tana ƙarama ba. Uwarta tana ganin bai kamata yaro ya fara karatu ba sai ya kai shekara takwas. Amma yarinyar nan ta riƙa duban littafi in ana karanta mata, tana tambayar abin da aka rubuta a jikin kantuna, tana 'yar shekara biyar ta riga ta iya karatu da kanta. Ubanta ya koya mata lissafi, ta kuma so shi ƙwarai.

Ta kan je Landan ta kwana biyu wurin tsohuwar da ta riƙe uwarta, wadda ta ke kira kaka. Wannan tsohuwa tana da fara'a, amma ba ta yarda da kowa ba, kullum zaton wani abu ta ke yi a kan mutane, sau da yawa kuma zaton nata ya kan fito gaskiya. Ƙawayenta tsofaffi su kan taru su yi ta hirar mutanen unguwa, Agatha tana gefe ta yi shiru tana ji. Ku riƙe wannan tsohuwa, za mu sake gamuwa da ita.

A 1901 ubanta ya rasu tana da shekara 11, dukiyarsa kuwa ta riga ta lalace. Ita da uwarta suka ci gaba da zama a Ashfield cikin tsimi da tanadi. Da ta kai shekara 15 aka kai ta Faris koyon kiɗan piyano da waƙa, don abin da ta so ta zama ke nan. Daga baya ta gane in ta hau gaban jama'a jikinta rawa ya ke yi, muryarta kuma ba ta da ƙarfin da a ke so. Ta haƙura ta komo gida. Wata rana tana kwance da mura, zaman kaɗaici ya ishe ta, uwarta ta ba ta shawara ta gwada rubuta labari. Daga nan ta fara. Littafinta na farko labarin soyayya ne da ta gina a kan zaman wata uku da suka yi da uwarta a Alƙahira, amma duk kamfanin da ta aika wa sai ya mayar mata da abinta.

Yaƙi da ɗakin magani

A 1912 ta gamu da wani hafsan soja mai suna Archibald Christie, wanda ya koma tuƙin jirgin sama. Ba shi da kuɗi, ita ma ba ta da su. Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke, suka ɗaura aure cikin gaggawa ran 24 ga Disamba, 1914, bayan 'yan kwanaki ango ya koma bakin daga a Faransa.

Amarya ba ta zauna ta naɗe hannu ba. Ta shiga aikin sa kai a asibitin da aka buɗe a Torquay don sojojin da suka yi rauni, tana wanke miki tana kwashe ƙazanta. Daga baya aka mai da ita ɗakin haɗa magani, a 1917 kuma ta ci jarrabawar wannan aiki. A nan ta san guba iri-iri, da nawa ke warkarwa da nawa ke kisa, da alamun da kowace ke nunawa a jikin mutum.

Cikin tarihin rayuwarta da ta rubuta ta ba da labarin wani babban mai haɗa magani da ya koya mata aiki. Wata rana ya yi kuskuren ɗigo ɗaya a lissafi, ƙarfin maganin da ya haɗa ya ninka sau goma. Ta gani, amma ta san ba zai karɓi gyara daga bakin ɗaliba ba. Sai ta yi kamar ta yi tuntuɓe, ta zubar da maganin ƙasa, ta take shi da ƙafa, ta yi ta ba shi haƙuri. Wannan mutum ya taɓa nuna mata wani dunƙulen dafi irin wanda a ke shafa wa kibiya a Amurka ta Kudu, ya ce yana yawo da shi a aljihu ne don ya kan sa ya ji yana da iko. Ba ta manta da shi ba, bayan shekara 40 da wani abu ta sa mai irin halinsa cikin wani littafi.

Da ma yayarta Madge ta taɓa tsokanarta da cewa ba za ta iya rubuta labarin 'yan sandan ciki ba. To, a ɗakin maganin nan akwai lokutan da ba aiki, ga kwalaben guba kewaye da ita. Sai ta fara shirya labarin wata tsohuwa mai dukiya da aka kashe da gubar sitiriknin a cikin gidanta. Saura mai bincike. A lokacin akwai 'yan gudun hijira daga Beljiyam da yaƙi ya koro suka zauna a Torquay. Ta dube su, ta ƙirƙiro wani tsohon ɗan sandan Beljiyam, gajere, mai kai kamar ƙwai, mai ji da gashin bakinsa, wanda ba ya son ya ga ko tsinke a karkace. Ta sa masa suna Hercule Poirot, ana faɗin sunan Fuwaro. Shi ba ya gudu ba ya kokawa, zama ya ke yi ya bar mutane su yi ta magana har maƙaryaci ya yi tuntuɓen harshe.

Ta gama littafin a 1916, ta sa masa suna The Mysterious Affair at Styles, watau abin al'ajabin da ya faru a gidan Styles. Kamfanoni suka yi ta mayar mata da shi, har wani mai suna Bodley Head ya karɓa, aka buga a 1920. Don murna ta sa hannu a takardar yarjejeniya ba ta tsaya ta auna ta ba. Ashe ba za ta sami ko kwabo daga cinikin littafin ba sai an sayar da kwafi 2,000, kuma an ɗaure ta sai ta ba su wasu littattafai biyar. Fam 25 ta samu, shi ma daga jaridar da ta buga labarin kashi-kashi. Abin da ya faranta mata rai shi ne mujallar masu haɗa magunguna ta Ingila ta yaba da littafin, ta ce an yi bayanin gubar daidai.

A 1919 ta haifi 'yarta Rosalind, ita kaɗai ta haifa. Ta ci gaba da rubutu, amma a lokacin ta ɗauke shi abin taimaka wa cefane ne kawai. Da wata jarida ta biya ta fam 500 kan labari ɗaya, sai ta sayi 'yar mota ƙirar Morris Cowley, har ta tsufa tana ambaton daɗin da ta ji ranar. Ta kuma yi wayo, ta sami wakili mai duba mata yarjejeniya, ta koma kamfanin Collins. A 1926 suka buga mata The Murder of Roger Ackroyd, littafin da ya fito da sunanta, don ƙarshensa ya girgiza masu karatu har wasu suka ce ta yi musu zamba.

Shekarar baƙin ciki

Wannan shekara ta 1926 da ta kawo mata suna ita ce mafi ɗaci a rayuwarta. A watan Afrilu uwarta ta rasu. Ta tafi Ashfield tana kwashe kayan marigayiya, ba ci ba barcin kirki, mijin kuwa ya yi zamansa a Landan. A watan Agusta ya zo ya gaya mata yana son wata mai suna Nancy Neele, yana so a raba aure.

Ran 3 ga Disamba da dare, bayan sun sami saɓani, ta shiga motarta ta fita daga gidansu da ke Sunningdale. Da safe aka tsinci motar a gefen wani ramin haƙar alli a wani wuri da a ke kira Newlands Corner, ga kayanta a ciki, ita babu. Ƙasa ta ɗauka. 'Yan sanda fiye da 1,000 da dubban 'yan sa kai suka bazama nema, har da karnuka da jiragen sama. Wata jarida ta sa ladan fam 100 ga wanda ya gan ta. Aka fara zargin mijin da kashe ta. Bayan kwana 11 makaɗan wani otal a garin Harrogate, can arewacin Ingila, suka shaida ta. Tana zaune a otal ɗin da sunan wata baƙuwa daga Afirka ta Kudu, sunan dangin da ta rubuta kuwa Neele ne, irin na matar da mijinta ke so.

Likitoci biyu suka duba ta suka ce mantuwa ce ta same ta. Jaridu ba su yarda ba, wasu suka ce talla ta ke wa littattafanta, wasu suka ce so ta yi ta kunyata mijin. Matar da jiya a ke tausayi ta zama abin zagi. Cikin tarihin da ta rubuta na rayuwarta ba ta ce komai a kan kwanakin nan 11 ba, ta tsallake su. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Tun daga nan ta guji 'yan jarida har ƙarshen ranta.

Farkon 1927 ta ɗauki 'yarta da sakatariyarta suka tafi tsibiran Kanariya don ta huta. Tana da shekara 36, ba uwa, ba miji, ga yarinya 'yar shekara bakwai, ga kuɗi sun yi ƙasa. Akwai littafin da ta fara ba ta gama ba, The Mystery of the Blue Train. Ba ta da sha'awar rubutu ko kaɗan, amma ta zauna ta yi ta jan sa shafi bayan shafi har ya ƙare. Ta tsani wannan littafi duk rayuwarta, ko da ya ke ya yi kasuwa. Ita da kanta ta ce a nan ne ta tashi daga mai rubutun sha'awa ta zama mai sana'a, don mai sana'a ita ce ke yin aiki ko ranta yana so ko ba ya so. A 1928 aka raba auren. Ta riƙe sunan Christie a kan littattafanta don da shi aka san ta.

Aure na biyu

A ƙarshen 1928 ta yi abin da mata kaɗan ke yi a zamanin. Ta hau jirgin ƙasan nan mai suna Orient Express ita kaɗai zuwa Santambul, daga can ta wuce Bagadaza, ta je kufan tsohon birnin Ur inda Turawa ke tonon kayan tarihi. Da ta sake komawa a 1930 aka haɗa ta da wani saurayi mai wannan aiki, Max Mallowan, don ya zaga da ita. Suna cikin tafiya waya ta zo cewa 'yarta ba lafiya, ga shi ita kuma ta gurɗe ƙafa. Saurayin ya bar abin da ke gabansa ya rako ta har gida. Ba da daɗewa ba ya nemi aurenta. Ta yi ta jinkiri don ta girme shi da shekara 13, yayarta ma ba ta so ba. A ƙarshe aka ɗaura a watan Satumba, 1930, suka kuwa zauna shekara 45 har mutuwa ta raba.

Kusan kowace shekara ta kan bi shi wurin aiki a Iraƙi da Siriya, su zauna cikin tanti ko ɗakin ƙasa. Ita ke ɗaukar hoton kayan da aka tono, tana rubuta su a littafi, tana liƙa fasassun tukwane, tana ba leburori magani. A kufan Nimrud kusa da Mosul, inda suka fara aiki a 1949, an tono sassaƙe-sassaƙen hauren giwa masu shekara kusan 3,000. Ita ta riƙa goge su da man shafawarta na fuska da siririn tsinken saƙa, don kada su farfashe.

Tafiye-tafiyen nan duk sun shiga littattafanta. A 1931 ambaliya ta tsai da jirgin Orient Express tana ciki. Ta zauna tana kallon fasinjoji ɗaya-ɗaya, ta rubuta wa mijinta wasiƙa tana kwatanta masa su. A 1934 ta fito da Murder on the Orient Express, labarin kisa a jirgin da ƙanƙara ta tsare. Zaman masu tonon kufai ya ba ta Murder in Mesopotamia a 1936, tafiyar jirgin ruwa a kogin Nilu kuma ta ba ta Death on the Nile a 1937.

Tsohuwa mai saƙa

Yanzu mu koma kan kakar nan tata. A 1927 Agatha ta fara sa wata tsohuwa cikin gajerun labaru, a 1930 kuma ta ba ta littafi sukutum, The Murder at the Vicarage. Sunanta Jane Marple, ba ta taɓa aure ba, tana zaune a wani ɗan ƙauye, aikinta saƙa da gyaran lambu da sauraron abin da ke gudana. 'Yan sanda su kan raina ta, mai laifi ma ba ya shakkar yin magana a gabanta. Dabararta ita ce duk wanda ta gani sai ya tuna mata da wani a ƙauyensu, ko mai kanti ko 'yar aiki, da irin abin da ya taɓa aikatawa, don a ganinta halin ɗan Adam ɗaya ne ko'ina. Abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba. Littattafai 12 ta rubuta a kan wannan tsohuwa, na Poirot kuwa 33.

In kun lura, abubuwan da ke tona asiri a labarunta yawanci na cikin gida ne, irin waɗanda mace ke gani namiji ya wuce: kofin shayin da ba a wanke ba, kujerar da aka gusar daga wurinta, 'yar aikin da ta ji abin da bai kamata ta ji ba. Kisan ma yawanci ba baƙo ke yin sa ba, na gida ne, a kan gado ko kishi ko tsoron tonon asiri.

Shekaru da yawa ba ta da ɗakin rubutu na kanta. Tebur mai ƙarfi da tafireta sun ishe ta, ko teburin cin abinci ne. Ta ce lokacin wanke-wanke ne ta fi samun dabarar labari. Tana rubuta dabarun cikin littattafan rubutu irin na 'yan makaranta, gauraye da lissafin cefane, bayan rasuwarta aka tarar da guda 73. Ta kuma rubuta littattafai shida a kan zaman aure da zaman uwa da 'ya da sunan aro, Mary Westmacott, kusan shekara 20 ba a gane ita ce ba.

Yaƙi na biyu da bayansa

Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, mijinta ya tafi aikin soja a Arewacin Afirka, ita kuma ta koma ɗakin magani a wani babban asibitin koyarwa a Landan, ana ruwan bama-bamai tana aiki. Don ba ta san ko za ta kai labari ba, sai ta rubuta littafin ƙarshe na Poirot da na ƙarshe na Marple, aka kulle su a banki. Ɗaya ta ba 'yarta, ɗaya ta ba mijinta, don su sami abin riƙewa in ta mutu. A 1944 aka kashe mijin 'yarta a yaƙi, ya bar jariri mai suna Mathew.

A wannan asibiti ta san wata guba mai suna taliyam, wadda ke sa gashi ya zube, ta yi amfani da ita cikin The Pale Horse a 1961. A 1977 aka ba da labarin wata yarinya 'yar wata 19 da aka kawo wani asibitin Landan daga ƙasar Katar, likitoci sun rasa gane ciwonta. Wata nas da ke karanta wannan littafi ta lura alamun yarinyar sun yi kama da na cikin labarin. Aka gwada, aka tarar taliyam ce daga maganin ƙwari, aka yi mata magani ta warke. Kun ga amfanin yin aiki da sani ko da a cikin labarin ƙirƙira ne.

A 1947 gidan rediyon BBC ya tambayi Sarauniya Mary abin da ta ke so a shirya mata don cikarta shekara 80, ta zaɓi wasan Agatha Christie. Daga wannan ɗan wasan rediyo ta shirya wasan kwaikwayo mai suna The Mousetrap, watau tarkon ɓera, aka fara nuna shi a Landan ran 25 ga Nuwamba, 1952. Ita ta zaci 'yan watanni zai yi. Aka yi ta nuna shi ba fashi har watan Maris, 2020, da annobar korona ta sa aka rufe gidajen wasa, aka kuma sake buɗewa a watan Mayu, 2021. Ba wasan da ya taɓa daɗewa kamarsa. A ƙarshen kowane nuni a kan roƙi 'yan kallo kada su faɗa wa kowa wanda ya yi kisan. Kuɗin wannan wasa jikanta Mathew ta ba kyauta da ya cika shekara tara.

Duk da wannan ɗaukaka kunyarta ba ta bar ta ba. An taɓa shirya babbar liyafa a wani otal don wannan wasa, ta zo da wuri, mai gadin ƙofa bai san ta ba ya ce ba a fara shiga ba tukuna. Ba ta iya buɗe baki ta gaya masa ko ita wace ce ba, ta juya ta sami wuri ta zauna har aka zo aka shigar da ita.

A 1971 Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta ba ta lambar girma ta Dame. Da ƙarfinta ya ƙare aka fito da littafin ƙarshe na Poirot daga banki, mai suna Curtain, aka buga a 1975. A cikinsa Poirot ya mutu, jaridar New York Times ta Amurka har ta buga ta'aziyyarsa a shafin farko kamar mutumin gaske. Ran 12 ga Janairu, 1976, Agatha ta rasu a gidanta kusa da Wallingford tana da shekara 85, aka binne ta a ƙauyen Cholsey.

A talabijin da kantin littattafai

Tana da rai ba ta cika jin daɗin yadda masu silima ke juya labarunta ba. Daga cikin kaɗan ɗin da ta yaba akwai Murder on the Orient Express na 1974, sai dai ta ce gashin bakin Poirot bai kai yadda ta ke so ba. Bayan rasuwarta ne talabijin ya yi mata adalci. Daga 1984 zuwa 1992 BBC ta nuna duk littattafan Marple 12, wata dattijuwa Joan Hickson ta fito a matsayin tsohuwar, ta fara tana da shekara 78. Daga 1989 zuwa 2013 kuma David Suchet ya fito a matsayin Poirot cikin shiri 70. Waɗannan biyun su masu kallo da yawa suka fi yarda da su, don ba su yi nisa da abin da ke cikin littafi ba. An sake yin sababbin finafinan Poirot a 2017 da 2022 da 2023.

Akwai abin da ya kamata ku sani kafin ku saya. Agatha 'yar zamanin mulkin mallaka ce, a wasu littattafanta na farko akwai kalmomin raini ga baƙar fata da Yahudawa da mutanen Gabas. Littafinta da ya fi kowane kasuwa, And Then There Were None na 1939, da wani suna ya fara fita mai ɗauke da zagi ga baƙar fata. A Amurka an canza sunan tun 1940, a Ingila kuwa sai cikin shekarun 1980. A 2023 aka ba da labarin cewa masu buga littattafanta sun cire irin waɗannan kalmomi daga sababbin bugu. Har wa yau wasu masu sharhi suna ganin mutanen cikin labarunta ba su da zurfi, kuma littattafan da ta rubuta bayan ta tsufa ƙwarai ba su kai na da ba.

Ga 'yar makaranta mai son ta ƙara Turanci, littattafanta suna da sauƙi, yawanci hira ce da gajerun jimloli, son sanin ƙarshe kuma ba zai bari ki ajiye ba. Ki fara da Murder on the Orient Express ko Death on the Nile. Uwargida kuwa ta nemi na Jane Marple, za ta ga irin mutanen da ta sani. Amma ki bar The Murder of Roger Ackroyd sai kin karanta uku ko huɗu, kada kuma ki leƙa shafin ƙarshe. In ba ki gane mai laifin ba kada ki damu, ki koma baya ki sake dubawa, za ki tarar duk alamun suna nan ta ajiye miki su a fili, ke ce ba ki lura ba.